Idan murhun gas ya lalace: canjawa daban, gyara daban

Duk lokacin da aka yi gobarar gas a wani gari, shawara ɗaya ake maimaita wa jama'a a rediyo da takardun faɗakarwa: kada ka taɓa, kira ƙwararre. Shawarar ba ta da laifi ga wanda ke zaune a Duwala ko Yawunde. To amma uwargidan da ke Yagwa, wadda murhunta ya fara fitar da jar wuta yana baƙanta mata gindin tukunya, wane ƙwararren za ta kira? Waɗanda ke kusa da ita su ne mai gyaran babur na bakin kasuwa, da mai walda, da yaron maƙwabta da ake cewa hannunsa na da albarka. In ba su ba, sai maigida da kansa ya ɗauko filaya da allura ya baje a tsakar gida. Haka ake yi a unguwanninmu, kowa ya sani.

Saboda haka ni ba zan ce wa kowa kada ya taɓa murhunsa ba, don na san ba za a ji ba, kuma ma ba daidai ba ne. Akwai aikin da ya kamata kowane magidanci da kowace uwargida su iya da hannunsu. Akwai kuma aikin da ko mutum yana ganin ya iya, bai kamata ya kusance shi ba. Na farkon shi ne canjawa: a cire abin da ya mutu a sa sabo irinsa. Na biyun shi muke kira gyara: a fasa, a huda, a liƙe, a ɗaure, a tilasta wa mataccen abu ya ci gaba da aiki. Matsalarmu ita ce mun juya lamarin. Muna tsoron canjawa, muna jiran wani ya zo ya yi mana, amma ba ma tsoron gyara.

Gas ya shigo gidajenmu ne don itace ya yi nisa kuma ya yi tsada. Wanda ya girma a Mayo-Danay ya san inda ake samun itace shekara ashirin da suka wuce, ya kuma san inda mata da yara ke kaiwa yanzu kafin su haɗa dami ɗaya. Gawayi kuwa kullum buhunsa ƙara kuɗi yake yana rage nauyi. Tun 2008 gwamnati ta farfaɗo da shirin dashen itatuwa na Sahel Vert a wannan jiha tamu ta Arewa Mai Nisa, amma ba a dasa itace da safe a yi girki da shi da yamma. A gefe guda, farashin hukuma na butelin gas mai kilo 12.5 yana nan a sefa 6,500 tun watan Yulin 2014. An ƙara kuɗin fetur a Fabrairun 2023, aka sake ƙarawa a Fabrairun 2024 har lita ta kai 840, amma ba a taɓa na gas ba, domin asusun daidaita farashin mai, wato CSPH, yana cika gibin da biliyoyin sefa kowace shekara. Ba na cewa a 6,500 ɗin muke samunsa kullum a nan. Gas ɗin da ake sarrafawa a Bipaga kusa da Kribi bai isa ƙasa ba, matatar Sonara ta Limbe kuma ta tsaya tun gobarar 31 ga Mayun 2019, don haka yawancinsa daga waje ake shigo da shi. Kafin ya bar Duwala ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 ya iso wurin cika tukwane na Marwa, sannan ya gangaro mana, kowane hannu ya ɗora nasa. Duk da haka ma'aikaci, da ɗan kasuwa, da mai sayar da shayi, da mai tuyar ƙosai sun yi lissafi sun ga gas ya fi musu. Kuma suna da gaskiya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida na kashe kimanin mutum miliyan 3 a shekara a duniya. Babu mai hankalin da zai so a koma wa hayaƙi.

Abin da bai shigo tare da gas ɗin ba shi ne sanin halinsa. Wutar itace mun gaje ta, yarinya 'yar shekara bakwai ta san yadda ake yi da ita. Gas kuwa baƙo ne, kuma halinsa ya saɓa wa abin da ido ya saba gani.

Mai karatu ya yi mini haƙuri in ɗan koma allo, sana'a ce ba ta barin mutum. Abin da ke cikin buteli ruwa ne, an matse shi. Lita ɗaya ta wannan ruwan in ta fita takan zama fiye da lita 200 na iska mai kama wuta. Wannan iskar ta fi iskar da muke shaƙa nauyi kusan ninki biyu, don haka ba ta tashi sama ta fice ta taga kamar hayaƙi. Ƙasa take kwanciya, ta bi daɓe kamar ruwa, ta shiga ƙarƙashin gado, ta taru a kwana, daidai inda tabarmar yara take. Kuma ba ta buƙatar cika ɗaki kafin ta tashi. In ta kai kusan kashi 2 cikin 100 na iskar wurin, ƙyastu ɗaya ya isa. Ɗauki ɗakin haya irin namu, mita uku tsawo, uku faɗi, uku bisa. Abin da ake buƙata a nan bai wuce kilo ɗaya da 'yan kai ba, wato kamar ɗaya bisa goma na buteli. Tun da kuma a ƙasa yake taruwa, kafin ma a kai wannan adadin ƙasan ɗakin ya riga ya zama abin tsoro. Shi gas ɗin asalinsa ba shi da wani wari mai ƙarfi. Warin da muke ji da gangan kamfanoni ke zuba shi don hanci ya yi mana gargaɗi. Wanda ya ce ai gas dole ya riƙa ɗan wari, ya mayar da gargaɗi abin sabo ke nan.

Tsakanin buteli da tukunyar miya abubuwa uku ne: detandar, wanda 'yan Najeriya ke kira regileta, sai tiyo, sai shi murhun. Dukansu ukun ana iya canja su a gida, ba a buƙatar takardar shaida. Ka rufe kan buteli, ka fitar da komai waje inda iska ke kaɗawa, nesa da murhun gawayi da mai shan taba. Ka cire tsoho ka sa sabo. In butelinka mai zare ne, ka tuna galibi hagu ake murɗawa a ɗaure, ba dama ba, kuma ƙarfin hannu ya isa. Masu sa filaya su danne da ƙarfi su ne ke murƙushe 'yar robar da ke bakin detandar, alhali ita wannan 'yar robar ce ke hana yoyo. Duk lokacin da aka canja buteli a dube ta. In ta tsage ko ta bushe a sa wata, kuɗinta bai kai na kofin shayi da burodi ba. Tiyo kuma a sa masa maɗaurin ƙarfe mai noti a kowane baki. Idan an gama, a kaɗa ruwan sabulu ya yi kumfa, a shafa a duk mahaɗa, a buɗe kan buteli a tsaya a kalla. In kumfa ta fara hurowa tana girma, akwai yoyo, a rufe a sake ɗauri. Ba a gwada yoyo da ashana. Na san akwai masu yi, har da masu sayarwa, suna zagaya bakin buteli da wutar laita a gaban mai saye don su nuna masa lafiya lau. Ranar da ba lafiya lau ba, babu wanda zai tsaya jin bayani.

Tiyo shi ne abin da muka fi rainawa. Tiyon gas na gaske akwai shekarar da zai daina aiki a rubuce a jikinsa, na roba galibi shekara biyar ne. Wannan lissafin kuwa ba da zafin Yagwa aka yi shi ba, inda watan Maris da Afrilu ke haura digiri 40, roba ta bushe ta yi tsaga kamar diddigen ƙafa a lokacin hunturu. Ga ɓeraye. Ka lanƙwasa tiyonka ka duba, in ka ga ƙananan tsagogi, ya gama. Abin da ake yi a gidaje da yawa shi ne a yanke inda ya tsage a sake cusawa, har tiyo ya gajarce buteli ya dawo gindin wuta. Wasu su naɗe shi da robar tayar keke. Wasu kuma su je kasuwa a yanko musu tiyon ruwa, mai haske ɗin nan da ake ban ruwa da shi, don mita ɗaya ta fi araha. Tiyon ruwa ba a yi shi don gas ba. Yana taurara, yana saki a baki, zafi kaɗan ya narkar da shi.

Shi ma murhun, in ya ruɓe, sabo ake saya a haɗa. Wannan shi ne mafi sauƙi a cikin ukun, tiyo ne kawai za a zare a mayar. Ina faɗar haka musamman saboda ambaliyar Satumban 2024, wadda ta cinye unguwanni a garin nan har ta karya gada. Murahu da tukwanen gas da yawa sun kwana cikin ruwa, aka tsamo su aka shanya aka ci gaba da amfani. Tsatsa kuwa daga ciki take ci. Bututun da ke ƙarƙashin murhu, wanda ke raba gas zuwa kawuna, in ya huje ba a gani sai an kifa shi. Duk wanda murhunsa ya sha ruwan nan ya kifa shi ya shafa masa kumfar sabulu. Butelin da gindinsa ya ci tsatsa kuma a mayar wa dila, kada a karɓi irinsa in an kawo.

Yanzu ga gyara. Murhu ya rage ƙarfi, tuwo ba ya nuna da wuri, uwargida ta yi magana sau biyu. Sai a kai wa mai gyara. Zai ce, "Alhaji, ai ƙaramin abu ne, detandar ɗin ne ya yi sanyi, bari in ƙara masa wuta." Ya ɓalle murfin, ya ja sifirin ɗin da ke ciki ko ya cusa masa wani abu, ya mayar ya liƙe. A gwada, wuta ta tashi fuu, kowa ya ji daɗi, a ba shi ɗari biyar. Abin da Alhaji bai sani ba shi ne aikin detandar ɗaya ne tak: rage matsi. A ranar zafi, matsin da ke cikin buteli ya ninka wanda murhu da tiyo aka yi su su ɗauka kusan sau 100. Detandar ne ke tsaye a tsakani, shi ya sa masana'anta ke rufe shi ruf, ba su bar masa wurin buɗewa ba. Wanda ya fasa shi ya cire mai gadi daga ƙofa. Yau wuta ta yi ƙarfi, wata rana tiyo ya fice daga bakinsa yana feshi.

Haka batun allura. A ƙarƙashin kowane kan murhu akwai 'yar huda siririya da gas ke fitowa ta ciki, makanikai na ce mata jiklar. An auna faɗinta ne daidai da iskar da za ta haɗu da gas ɗin. In miya ta zube ta toshe ta, a cire kan murhun a wanke, a goge hudar da burushi mai laushi, wannan tsafta ce, kowa na iya yi. Amma a sa allura ko ƙusa a ƙwaƙule ta don wuta ta ƙaru, an ɓata ma'auni ke nan har abada. Gas zai fi iska yawa, wuta ta koma ja ko rawaya, ta riƙa baƙanta tukunya. Buteli ya ƙare kafin lokacinsa, a zargi dila. Mafi muni, wutar da ba ta ci da kyau tana fitar da iskar guba marar wari marar launi, irin wadda gawayi ke fitarwa a rufaffen ɗaki. A watan Disamba da Janairu, lokacin da ake toshe tagogi saboda sanyi da ƙura, wasu har su bar murhu a kunne don ɗaki ya yi ɗumi, ciwon kai da jiri da ake ɗora wa hunturu wani lokaci daga nan suke. Wutar gas mai lafiya shuɗiya ce.

Akwai sauran dabaru da ba sai na tsaya a kansu ba. Kwantar da buteli ko kifa shi don a tatse ragowar, wanda ke tura ruwan gas cikin tiyo. Ɗora shi kusa da wuta don ya ƙara ƙarfi. Kai shi wurin mai walda ya toshe huda. Butelin da ake cewa babu komai a ciki, akwai komai a ciki.

Wanda ya fi damuna shi ne juye, wato a ɗebi gas daga babban buteli a zuba a ƙarami da wani guntun bututu da aka ƙera a bakin titi. Abin na da kasuwa don dalilai biyu. A Kamaru buteli na kamfani ne, musanya ake yi, kuma mai butelin SCTM ba ya zuwa ya karɓi na Tradex ko na Camgaz. In nau'in naka ya yanke a gari, sai ka zauna da buteli wayam alhali shagon cike yake da na wasu. Na biyu, ba kowa ke da kuɗin kilo 12.5 a lokaci ɗaya ba, yana son na dubu ɗaya ko biyu, kamar yadda ake sayarwa kilo-kilo a Najeriya. Buƙatar gaskiya ce. Amma a wurin cikawa na hukuma da sikeli ake yi, kuma ba a cika buteli fal, ana barin kusan kashi 15 zuwa 20 cikin 100 don ruwan ya samu wurin kumbura in ya ji zafi. Mai juye a bayan shago da ido yake aunawa, ko ya girgiza ya ji. Butelin da aka cika fal aka ɗaure a bayan babur cikin ranar Afrilu, Allah kaɗai ke tsare mai ɗauke da shi da waɗanda ya ratsa ta gabansu. Kuma wutar juye ba ta tsayawa kan mai yi. Ranar 4 ga Janairun 2020 wani shagon cika gas ya tashi a Sabon Tasha ta Kaduna, cikin waɗanda suka rasu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta Najeriya, wanda ke shagon aski a maƙwabtaka. A daren 1 ga Fabrairun 2024 irin haka ta faru a unguwar Embakasi ta Nairobi a Kenya, a wurin cikawa marar izini da ke tsakiyar gidajen mutane, fiye da mutum 200 suka jikkata.

Za a ce mini, Malam, kai albashi kake ɗauka, shi ya sa kake cewa a sayi sabo. Na ji, kuma ba na raina wannan magana. Wanda ke neman na cefane ba ya ganin detandar a matsayin abin gaggawa muddin wuta na kamawa. Amma a yi lissafin da kyau. Detandar da tiyo da maɗaurai ba kowane wata ake sayensu ba, na shekaru ne. Murhun da aka ƙwaƙule kuwa kowane wata yake cin kuɗi, don yana ƙona gas a banza. Sannan duk wanda ya taɓa jinyar ƙuna ya san abin da take ci: wanki da ɗauri kullum, makonni a asibiti, in ta yi tsanani a ɗauki mutum zuwa Marwa ko Garwa. Ban da ɗakin maƙwabci, domin a gidajen hayarmu bango ɗaya ake rabawa, rufi ɗaya ne. In da gaske babu kuɗin sabo a wannan watan, a rufe buteli a koma gawayi a tsakar gida har a samu. Wannan ba abin kunya ba ne.

Akwai kuma abin da ba mu cika faɗa ba. Maigida ne ke yin gyaran ko ya kai a yi, amma ba shi ke tsayawa gaban murhun ba. Matarsa ce, da 'yarsa, da 'yar aikin gida, sau uku a rana, da zani da mayafi masu kama wuta, wata da goyo a baya. Wanda ya ɗauki kasadar daban, wadda za ta biya daban. A gidaje da yawa an hana mata taɓa buteli, wai aikin maza ne, har gas ya ƙare tsakar girki a jira maigida ya dawo daga kasuwa. Wannan kuskure ne. Wadda ke aiki da abu ita ta fi cancanta ta san yadda ake rufe shi, da ɗaura detandar, da gwajin sabulu. Kuma in ta ce tana jin wari, a daina ce mata hancinta ne.

Ga masu gyara kuma, 'yan'uwanmu ne, neman halal suke, ba na son a ɗauka ina zuga jama'a a kansu. Amma malamanmu na Malikiyya sun daɗe da yin bayani kan lamunin masu sana'a: wanda ya kafa kansa yana karɓar kayan jama'a don ya yi musu aiki, akwai nauyi a wuyansa game da abin da ya lalace a hannunsa. In haka ne a kan yadin da tela ya ɓata, ina ga abin da zai iya tashin gida da mutanen ciki? Mai gyaran da ya ce, "Hajiya, wannan ba ya gyaruwa, sai dai ki sayi sabo in ɗaura miki," bai rasa ciniki ba. Ya samu kuɗin ɗauri, ya kuma samu amana. Limamanmu su sa wannan a cikin wa'azi. An san umarnin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, na kashe wuta kafin a kwanta barci. A zamaninmu rufe kan buteli da dare yana cikin wannan, domin kashe murhu kawai yana barin gas a tsaye cikin tiyo har gari ya waye.

Sauran nauyin na hukuma ne da 'yan kasuwa, kuma a nan ne aka bar mu a baya. Ba zai yiwu a ce wa mutane su sayi kayan kirki ba alhali kasuwa cike take da detandar marar suna da tiyo marar kwanan wata. Muna bakin iyaka. Kaya na shigowa daga Najeriya, ga gadar Logone da ta haɗa mu da Bongor tun Afrilun 2025, zirga-zirga da Cadi ta ƙaru. Alheri ne, amma kowace ƙasa da irin bakin butelinta, kuma abin da bai hau daidai ba sai a nemo masa mahaɗi na ƙirar hannu. Jami'an ma'aikatar kasuwanci da ke zagayen duba farashi da sikeli su riƙa duba waɗannan ma. Kamfanonin gas da ke da dilolinsu a garin nan su wajabta wa kowane dila ya ajiye detandar da tiyon da suka dace da butelinsu, ya kuma ajiye sikeli a bakin shago. Nauyin buteli wayam a buge yake a jikinsa, a haɗa da 12.5, mai saye ya gani da idonsa. Wannan kaɗai zai rage zargi, ya kuma tona masu ragewa su juye. Batun a bar mutum ya musanya buteli da na kowane kamfani an daɗe ana maganarsa a ƙasar nan. Mu da ke ƙarshen hanya mu muka fi kowa shan wahalar rashinsa, ya kamata 'yan majalisarmu su riƙa tayar da shi. A kuma yawaita ƙananan tukwane masu kilo 6 a farashin hukuma, don mai ƙaramin ƙarfi ya samu abin da aljihunsa zai ɗauka ba sai ya je wurin mai juye ba.

Ƙwararren da ake cewa a kira kuwa, sai an yi shi kafin a kira shi. Muna da makarantun fasaha da cibiyoyin koyon sana'a da ke yaye masu aikin lantarki da masu haɗa famfo kowace shekara, da yawansu suna zaune ba aiki. Horon mako biyu kan kayan gas, da takardar shaida daga magajin gari, da sunayensu a manne a shagon kowane dila, ba abu ne da ke buƙatar kasafin Yawunde ba. Mu malaman firamare ma akwai namu. Muna koya wa yara wanke hannu da tsallaka titi, darasi ɗaya kan warin gas ba zai gagare mu ba, kuma yaro in ya koya a aji, har kakarsa sai ta ji.

Azumi a 'yan shekarun nan yana faɗowa ne a ƙarshen sanyi zuwa farkon zafi, kuma lokacin sahur shi ne lokacin da na fi jin tsoro. An yi girkin buɗa-baki, an gaji, an kwanta ba a rufe buteli ba. Ƙarfe uku da rabi uwargida ta tashi cikin duhu da magagin barci, ta shiga madafa. In ta ji wari, kada ta taɓa makunnin lantarki, ko kunnawa ko kashewa, domin shi ma yana ƙyasta wuta a ciki. Kada ta kunna ashana don ta ga inda yake fitowa, kada ta kunna fanka don ta kore shi. Ta lallaɓa ta rufe kan buteli, ta buɗe ƙofa da tagogi, ta tashi yara ta fitar da su, ta fara da waɗanda ke kwance a ƙasa. In buteli ya ci gaba da huci bayan an rufe shi, a fitar da shi fili a tsaye, nesa da kowace wuta, a gaya wa maƙwabta kada kowa ya hura murhu, da safe a kira dila ya zo ya ɗauki kayansa. Sahur ɗin ranar a yi shi da dabino da ruwa da abin da ya kwana.